Mas'alar Muhallin Tsofaffi da Naƙasassu a Ƙasar Daura

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na shekarar 1999, a babinsa na biyu, sashe na 16, ya ɗora wa hukuma nauyin tsara manufofinta ta yadda kowane ɗan ƙasa zai sami muhalli mai dacewa da abinci wadatacce, ya kuma ambaci kula da tsofaffi da jin daɗin naƙasassu da lafazi bayyananne, ba da ishara ba. Amma sashe na 6 na wannan kundi ɗin ya hana kotu sauraron ƙarar duk wanda ya zo yana neman a cika masa abin da ke cikin wancan babi, don haka tsohuwar da ruwan marka ya rushe mata ɗaki a Baure, ko makahon da aka tasa daga zauren da yake kwana a birnin Daura, suna da haƙƙi rubutacce wanda babu alƙalin da zai iya ƙwato musu shi. Abin da ya rage musu shi ne su bi sahun masu neman gidajen da gwamnati ke ginawa da sunan masu ƙaramin ƙarfi. Kuma wanda duk ya yi nazarin sharuɗɗan neman waɗannan gidaje zai tarar, tun farkonsu zuwa yau, an yanka su ne daidai jikin ma'aikaci mai albashi, ba jikin gajiyayye ba.

Dalilin wannan magana yana cikin tarihin shirye-shiryen kansu. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina gida 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, lokacin ƙasar Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna; abin da aka gina bai kai ko kusa da abin da aka ƙudurta ba, da yawa daga cikinsu kuma an kai su bayan gari inda babu ruwa babu hanya, waɗanda suka zaunu kuwa akasari ma'aikata suka shiga. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, a tara a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, daga bisani a ba shi rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin lokacin da bai wuce shekara 30 ba, ana kuma auna tsawon lokacin da shekarun mai nema da abin da ya rage masa na aiki. To, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin garma, ko a kan jaki yana fatauci tsakanin Mai'aduwa da Damagaram, bai taɓa karɓar takardar albashi ba balle a cire masa wani abu, ga shi kuma ya haura saba'in, ta wace fuska wannan asusu zai san da zamansa?

A zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, an gina rukunonin gidaje a jihohi 34, aka buɗe sayar da su ta intanet a ƙarshen 2021. Farashin mafi ƙanƙanta a cikinsu ya haura naira miliyan 7, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato da ƙaramin ma'aikaci zai tara albashinsa dukansa, bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kimanin shekara 20 kafin ya haɗa kuɗin. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin sabon shiri a Karsana ta Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar gidaje da aka danƙa wa Ahmed Musa Dangiwa, shi ma ɗan Jihar Katsina, a 2023, aka kuma ware wa Katsina rukuni mai gida 250. Hanyoyin mallaka kuwa su ne biya nan take, ko rancen banki, ko haya da za ta rikiɗe ta zama mallaka, ko biya kashi-kashi, kuma dukansu huɗun sun ginu a kan cewa mai nema yana da kuɗin shiga tabbatacce. Ba laifi ba ne a gina wa malamin makaranta da ɗan sanda gida, bal ma wajibi ne. Laifin shi ne a kira wannan da sunan maganin rashin muhallin talaka, a rufe littafi, alhali mafi raunin talakawa bai ko shiga lissafi ba.

Ko da a ce farashin ya sauko, hanyar neman kanta shinge ce mai tsawo. Ana buƙatar waya mai intanet, da adireshin imel, da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, da asusun banki, da hoto, da kuɗin fom, da wanda zai karanta Turanci ya cike gurabe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne ga ɗan boko, amma idan aka tara su a kan dattijon da ganinsa ya yi rauni, wanda iliminsa na allo ne da littattafan fiƙihu, sai su zama hukuncin hani tun kafin a duba buƙatarsa. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu yakan sha wahala kafin na'urar ɗaukar zanen yatsa ta karɓe shi, gurgu yakan iske ofis a saman bene, kurma yakan iske babu mai yi masa tafinta. Daga nan sai ɗan tsakiya ya shigo, ya karɓi na goro da alkawarin zai sa suna, ko kuwa a raba fom ta hannun jami'an jam'iyya, har a wayi gari abin da aka yi domin miskini ya ƙare a hannun mai gida biyu yana ba da haya.

Wani zai ce mu Hausawa ba mu jefar da tsofaffinmu, gandu da zumunci sun ishe mu, gidan gajiyayyu kuwa, irin na Shahuci a Kano, abin kunya ne ga dangin wanda aka kai. A cikin wannan magana akwai gaskiya mai yawa, domin har gobe mafi yawan tsofaffin ƙasar Daura a cikin 'ya'yansu da jikokinsu suke, kuma babu shirin hukuma da zai kai wannan alheri. Sai dai ya kamata a dubi inda shari'a da kanta ta nuna iyakar dangi. A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, ciyarwa ta wajibi saboda nasaba tana tsakanin iyaye da 'ya'ya ne kawai. Ɗa mawadaci ana tilasta masa ɗaukar nauyin iyayensa matalauta, amma ɗan'uwa da ɗan ɗan'uwa ba a tilasta musu, kyautatawarsu sada zumunci ce. Macen da mijinta ya rasu tana da zama a ɗakinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma. Bayan haka rabonta sumuni ne idan mamacin ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba, idan kuma tana da kishiyoyi su raba wannan ɗin a tsakaninsu. Idan magada suka sayar da gida domin a raba kuɗi, tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka riga ta, sai ta tashi da abin da ba zai saya mata ko fegi ba. Irin wannan, a wurin malamai, nauyinta yana komawa kan baitulmali, idan babu shi ya koma kan jama'ar Musulmi a matsayin farilla ta kifaya. Ashe kuwa batun ba na neman alfarma ba ne.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin a Daura shi ne bunƙasar da garin ya yi a 'yan shekarun nan. Zuwan Jami'ar Sufuri, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da asibitin sojan sama da aka buɗe a 2019, da barikin soja, da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar a 2021 kuma ya ratso ta nan, duk alheri ne, amma sun jawo ma'aikata da ɗalibai masu neman ɗakin haya, ƙasa ta yi daraja, gonakin gefen gari suka zama fuloti. Ɗakin da a da mai gida zai bar wa wata tsohuwa ta zauna domin Allah, yau yana da mai biya. Zauren da makaho ke kwana an fasa masa ƙofa ta waje ya zama shago. A ƙauyukan Zango da Sandamu da Baure kuwa ciwon wani iri ne: fili akwai shi, ɗaki ma akwai, amma ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma matasan da ke wannan aiki da gayya sun tafi ci-rani, azara ta yi tsada, kwanon rufi da siminti sun fi ƙarfin mai sayar da ƙuli-ƙuli. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira marasa muhalli a karkara, ɗaki ɗaya ne ya faɗi aka rasa mai tayar da shi.

Abin mamaki shi ne dokokin da suka fi kusa da wannan mas'ala, hannun ɗan Daura ne ya rattaba musu. A farkon 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a watan Janairun 2019 kuma ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga, ta kuma hukunta cewa duk inda hukuma ke samar wa jama'a masauki, naƙasassu ne za a fara dubawa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma fara duba mutum a cikin cinikin da ba shi da kuɗinsa, daidai yake da a sa gurgu a gaban sahu a gindin tsani. A 2025 ma'aikatar gidaje ta bayyana niyyar gina gida 100 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, a sayar da kashi 80 cikin ɗari da rangwame, a ba da kashi 20 kyauta ga mafiya rauni. Idan an cika wannan, ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, za su sami gida 500, na kyauta a ciki 100. Adadi ne da za a gode masa, amma wanda ya san yawan zawarawa tsofaffi da makafi na gunduma guda ya san bai kai ko'ina ba, kuma ƙarancinsa shi ne babban dalilin da ya sa tilas a gyara hanyar rabo tun kafin a aza tubali.

A ƙasashen da suka daɗe da irin wannan tsari, asasinsa haya ce mai rangwame, ba sayarwa ba. A Amurka, tun 1959 akwai shirin gina wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi gidaje, a 1990 aka ware wa naƙasassu nasu, mai zama yana biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, hukuma ta cike ragowar. Sai dai wannan ya yiwu ne domin tsohonsu yana da ɗan abin da ke shigo masa kowane wata, namu kuwa ba shi da shi. Abin da ya fi kusa da halinmu shi ne unguwar da attajiri Jakob Fugger ya tsayar a birnin Augsburg na Jamus a 1521 domin mabuƙatan garinsa, wadda har yau ana zaune a cikinta, hayar shekara ba ta kai yuro ɗaya ba, kuma dukiyar da ya ware ce ke riƙe da ita shekara ɗari biyar. Wannan kuwa ba wani abu ba ne face hubusi, wanda muke da babinsa a littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar, muna karanta shi a zaure muna wucewa.

Asalin hubusi sananne ne: Sayyidina Umar ya sami ƙasa a Haibara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya yanka wa naƙasassu abin masarufi daga baitulmali, ya sa wa makaho ɗan jagora, ya sa wa gurgu mai hidima. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafta tanadin maslahar talakawa ta duniya a cikin wajiban shugaba, daidai da ta addini. Akwai kuma wani babi da ya fi kowanne dacewa da mas'alarmu, shi ne umra, wato mutum ya ba wani amfanin gida tsawon rayuwarsa. A wurin Malikawa amfanin kawai aka mallaka masa, idan ya rasu gidan ya koma ga mai shi. Tsoho ɗan shekara tamanin ba takardar mallaka yake nema ba, ba kuma abin da zai bar wa magada ba. Abin da yake nema shi ne tabbacin cewa ba mai tashinsa har Allah Ya karɓi abinSa. Gidan da aka ba da kyauta ɗungurungum sau ɗaya yake amfani, wataƙila ma dangin da suka guje shi da rai su dawo su yi shari'a a kansa. Wanda aka tsare a hubusi aka ba da zamansa da umra kuwa, zai rufa asirin mutum bayan mutum har iyakar ƙarfin ginin.

Bisa wannan, ga abin da nake ganin ya fi zama maslaha. Na farko, a fifita gyara a kan sabon gini, domin kuɗin gida ɗaya na bulo da fenti zai tayar da ɗakuna masu yawa, a rufa su da kwano, a haƙa masai mai sauƙin shiga, mutum kuma ya ci gaba da zama cikin maƙwabtan da suka san shi. A nan zakka tana da wuri, tunda malamanmu sun sharɗanta a mallaka ta ga mabuƙaci, ba a gina abin jama'a da ita ba; sai a mallaka wa mai ɗakin abin gyaran, a tsaya a ga an yi aikin. Na biyu, ga wanda ba shi da ko fili, a gina ƙananan gidaje na ɗaki huɗu ko shida a cikin unguwanni, kusa da masallaci da famfo da kasuwa, ba tare da matakala ba, ƙofofinsu da faɗin da keken gurgu zai shiga, mata daban maza daban; kada a maimaita abin da aka yi a zamanin Turawa, lokacin da aka keɓe masu kuturta a wurare irin su Babbar Ruga da Yadakunya, domin wancan dalilin magani ne ya kawo shi, tsufa da makanta kuwa ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Filin ba zai gagara ba, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da ta karkara. Hukumar Zakka da Waƙafi da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa kuwa tana iya riƙe takardun, a haɗa kowane gida da shago ko gona da za ta riƙa ɗaukar gyaransa.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, a juya hanyar nema: maimakon gajiyayye ya nemi hukuma, hukuma ta neme shi. Masarauta tana da abin da babu ma'aikatar da ke da shi, wato silsilar da ta taso daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar; su kuma naƙasassu suna da shugabanninsu tun kaka da kakanni, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa da liman da wakiliyar mata da wakilin naƙasassu su zaga tare da ma'aikacin jin daɗin jama'a, su rubuta sunaye da Hausa, boko da ajami, ba tare da karɓar ko kwabo ba, shaidar mutum biyu adilai ta tsaya a madadin takardar haihuwa, mai rajistar katin ɗan ƙasa kuma a kawo shi har ƙofar gida. A bayyana ma'aunin fifiko tun farko: wanda ba shi da ɗa mai iko, sa'an nan wanda ɗakinsa ya faɗi, sa'an nan wanda naƙasarsa ta hana shi nema. Wanda yake da ɗa mawadaci da ya yi watsi da shi, a kai maganarsa gaban alƙali, kada dukiyar miskinai ta zama lada ga mai saɓa wa iyaye.

Ba na jahiltar cewa mai unguwa ɗan Adam ne, yana da dangi da abokai, kuma jerin sunaye a ƙasar nan ya sha zama abin ciniki. Maganin wannan shi ne bayyanawa: a karanta sunayen a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a manna su a ƙofar dagaci, a ba da wa'adin da mai ƙorafi zai kai kukansa ga hakimi, a kuma sake bitar littafin kowace shekara kafin faɗuwar damina, domin ƙarya tana iya shiga fom a ofis, amma da wuya ta tsaya a gaban mutanen unguwa. Haka nan ɗaki ba ya ciyar da mai shi. Maƙwabciyarmu Jigawa a 2007 ta fara ba naƙasassu naira 7,000 kowane wata a zamanin Alhaji Sule Lamido, kuma babu abin da zai hana Katsina ta haɗa ɗan alawus irin wannan da littafin muhallin.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyar, da majalisar masarauta, da wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya, shi ne su buɗe wannan littafi tun yanzu, kada su jira sai an ce ga gidaje a raba cikin mako guda. Ga attajiranmu kuma, waɗanda Allah Ya hore wa gina masallaci a kan masallaci, su tambayi malamansu hukuncin tsayar da ɗaki huɗu hubusi domin tsofaffin unguwarsu. Wanda ya kasa duka, to ya duba ɗakin tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi kafin ruwan bana ya sauka. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.